Ranar da Wayata Ta Yi wa Surukai Wa'azi a Gummi

Ba zan taɓa mantawa da yinin bikin Balkisu ba. Ko na so in manta ma, matan Bukkuyum ba za su bar ni ba.

Bari in fara gaya muku ko ni wane ne, don ku san tsawon inda na faɗo. Shekara ashirin da 'yan kai na yi ina tuƙa babbar mota. Legas, Fatakwal, Kwatano, Yamai, har Agadas na sha kwana. Da gwiwata ta fara ƙara kamar tsohuwar ƙofa sai na dawo gida Anka, na sayi kujerun roba da rumfuna da sifika guda biyu ina bayarwa haya. To kun san halin wanda ya yi yawo. Ko zancen dashen albasa ake yi, sai ya gyara zama ya ce, "Ai a Kwatano ba haka suke yi ba." To ni ne wannan mutumin. (Matata ta ce na fi kiran sunan Legas fiye da nata, kuma ban iya musawa ba.)

Balkisu ɗiyar yayana ce, Malam Sani, wanda ke zaune a Gummi yana koyarwa a makarantar Islamiyya. Mutum ne mai kirki, amma dariyarsa sai ka yi sati ba ka gan ta ba. Balkisu kuwa tun tana rarrafe tawa ce. Duk tafiyar da na dawo da tsarabarta a aljihuna. Da ta gama karatun jinya ta kawo wani yaro mai hankali ɗan Bukkuyum ta ce shi take so, aka sa rana. Saura wata guda biki sai ga wayarta.

"Baffa, Baba ya ce ba a sa kiɗa ranar yinina."

"Don mi?"

"Wai ba ya yarda wani ƙaton banza ya shigo cikin mata da sunan DJ. Baffa, duk ƙawayena an yi musu. Ni awa ɗaya kawai nake so. Awa ɗaya."

Na ji ta fara kuka. Na ce, "Balkisu, ni ƙaton banza ne?"

"Haba Baffa."

"To share hawayenki, kin samu DJ."

Gaskiya tsakanina da ku, ban taɓa sa kiɗa a biki ba ko sau ɗaya. Sifika dai nake bayarwa, a kai a dawo mini da ita. Amma na tsaya a bayan masu yi a Legas na kalli hannunsu, kuma a ganina wanda ya iya mayar da tirela baya a tashar Apapa, taɓa waya ba zai gagare shi ba.

Washegari na tafi wurin Garba mai caji a kasuwar Anka. Abokina ne tun muna firamare, kuma duk wanda ke son a zuba masa waƙa a garin nan wurinsa yake zuwa. Na gaya masa abin da ke tafe da ni.

Ya ce, "Kawo memori in cika maka. Waƙa hamsin, ka tahi ka dawo lahiya."

Na yi dariya irin ta wanda ya ga duniya. Na ce, "Garba, memori? An wuce nan. Yanzu manhaja ake sawa a waya, waƙar duniya duk tana ciki, ka taɓa ta fito."

"Awo. In sabis ya ɗauke hwa?"

"Ai ana saukewa a ajiye."

"To Legas, Allah shi ba da sa'a." (Haka yake kirana in yana son ya ɓata mini rai.)

Kwana huɗu na yi ina gwajin manhajoji, kamar mai zaɓen ragon layya. Ta farko kyauta ce, amma bayan kowace waƙa biyu sai ta sako talla. Ina cikin gwadawa a tsakar gida sai ga wata murya tana tallar maganin basir da iyakar ƙarfinta. Na ce a raina, ka ji abin da zai kashe mutum a gidan surukai. Na goge ta ina jin kaina, wai na tsallake rami. Ta biyu mai kyau ce, sautinta garau, amma waƙoƙin Hausa da ke cikinta ba su cika tafin hannu ba, ga shi tana neman wani irin katin banki da ba ni da shi. Ita ma na sallame ta.

Ta uku ce ta sace mini zuciya. Babu talla in ka yi rajistar wata. Waƙoƙin biki na zamani, kiɗan kalangu, kiɗan ƙwarya, har da na Fulani masu sarewa, ga karatu ga wa'azi, komai da komai. Kana iya sauke abin da kake so ka ajiye. Amma abin da ya fi burge ni shi ne wannan: in jerin waƙoƙinka ya ƙare ba ta yin shiru. Da kanta take duba irin abin da ka saba ji, ta ɗora maka wani. Na tuna wani DJ a Fatakwal da ya taɓa gaya mini cewa babu abin kunya a sana'arsu kamar fili ya yi tsit mutane na tsaye. Na ce shi ke nan, na samu wadda ba za ta kunyata ni ba.

Saura babban aiki, wato shawo kan Yaya Malam. Shi ba a zuwa masa da "don Allah" kawai, sai da hujja. Sai dabara ta zo mini. Tunda manhajar nan tana da wa'azi, bari in nemo duk abin da malamai masu tsanani suke faɗi game da kiɗan biki, in san ta inda zai ɓullo mini, in shirya amsa. Haka na yi kusan sati biyu. Ina lissafa kujeru ina ji, ina cin tuwo ina ji, ina kan babur ina ji. Akwai wani malami mai murya kamar tsawa, wanda ban ma riƙe sunansa ba, shi na fi maimaitawa don ya fi kowa zafi. Ranar ƙarshe na tsayar da shi a tsakiyar magana, na ce malam ya isa haka, na ɗauki abin da zan ɗauka.

Na je Gummi na sami Yaya a zaure. Na kawo masa zancen farin cikin mata a tsakaninsu, na kawo na faranta wa amarya, na ce babu baƙon namiji, babu waƙar batsa, ni zan tace kowace da kunnena. Ya gyara zama ya dube ni.

"Yaushe ka zama malami ban sani ba?"

"Yaya, tafiya ai makaranta ce."

Ya girgiza kai. Ya ce, "Awa ɗaya, bayan azahar. Sifika a cikin gida, kai a zaure. Ƙafarka ba ta taka tsakar gida. In na ji abin da bai dace ba, da hannuna zan kashe kiɗan."

Da na fito Balkisu na laɓe a bayan ƙyaure. Sai ta damƙe hannuna da hannayenta biyu. Wallahi a ranar ji na yi kamar an ba ni sarauta.

Ranar yini ta zo. Na ɗauko sifikuna daga Anka tun da safe, na kafa su a tsakar gida kafin mata su taru, na jawo igiyarsu ta saman katanga har zaure, na ɗora wayata a kan ɗan tebur. Waƙa goma sha huɗu na jera, duk na sauke su saboda tsoron sabis. Na sha shadda ruwan toka, na ɗora baƙin gilashi. (A zaure. Inda ko rana ba ta shiga. Ku bar ni kawai.)

Dangin ango suka iso daga Bukkuyum mota uku. Wadda ke jagorantarsu ita ce Hajiya Kulu, gwaggon ango, doguwar mace mai jiki, wadda in ta yi gyaran murya 'yan mata ke gyara ɗankwali. Ta wuce ta zaure ta dube ni sama da ƙasa.

"Kai na mai kiɗan?"

"Ni ne, Hajiya. Baffan amarya."

"Da hurhura? To mu gani."

Da aka idar da azahar na saki waƙar farko. Sai guɗa ta tashi a cikin gida. Ni ba na ganin kowa, amma ƙasa na gaya mini labari, don har tebur na motsi. Matsalar ita ce mata ba su da haƙuri. Waƙa ba ta kai rabi ba sai a ƙwalla daga ciki, "Baffa, canza! A sa mai zafi!" Ni kuma in canza. Haka na yi ta tsallake waƙoƙi ina jin daɗin kaina, ban lura jerin da na shirya wa awa ɗaya ya kusa ƙarewa a rabin awa ba.

Can na saka ta ƙarshe a jerin, wani kiɗan kalangu mai nauyi irin na manya. Sai na ji guɗa ta ninka. Wata ta leƙo ta ce, "Baffa, kada ka taɓa! Hajiya Kulu ta miƙe!" Ashe Hajiya ba ta cika rawa a biki ba, sai inda ta ga an girmama ta. Miƙewarta alama ce ta cewa dangin ango sun karɓi amarya hannu biyu.

A nan ne Shaiɗan ya raɗa mini cewa maza ma ya kamata su san aikina. Suna waje a gindin dogon yaro kan tabarmi, su Yaya Malam da dattawan Bukkuyum, ana shan fura. Na bar waya a tebur na fita ina taku ɗaya-ɗaya.

Wani dattijo, baffan ango, ya ce, "A'a, mai kiɗa, ka baro aikinka?"

Na zauna, na karɓi ludayi. Na ce, "Alhaji, ai zamani ya zo. Ni ina nan, kiɗa na can. Wayar nan ta san ni fiye da yadda na san kaina. In waƙa ta ƙare, da kanta za ta duba zuciyata ta zaɓo abin da na fi so. Ko a Legas ba kowa ya san wannan ba."

"Ikon Allah," in ji dattijon.

Kalangu ya yi ƙasa, ya ƙare. Na ɗaga yatsa na ce, "Ku saurara ku ji."

Suka saurara. Duk unguwar ta saurara. Sai ga muryar malamin nan mai tsawa ta fashe daga sifikuna biyu, babu sallama babu gabatarwa, daga daidai inda na tsayar da shi:

"...ke Hajiya! Da girmanki, da jikokinki, an buga ganga kin miƙe tsakiyar fili kina karkaɗa kafaɗa! Wa kike yi wa? Ba ki jin kunyar 'ya'yan cikinki?"

Ludayi ya faɗi daga hannuna.

Ashe abar nan ta zauna ta yi nazarina. Ta ga mutum ya jera waƙoƙin biki, ta ga kuma abin da ya fi ji a duniya sati biyu shi ne wa'azin biki, sai ta ce to ga masoyinka. Kuma Gummi, inda kullum sai ka hau tudu kafin ka aika saƙo, ranar sabis ya cika taf. Da ya ɗauke kamar yadda ya saba, da na tsira.

Na zabura. Takalmi ɗaya ya tsaya a tabarma. Hannun rigata ya kama kan wani babur, na ji ƙyat, ban waiwaya ba. Malamin cikin waya kuwa bai jira ni ba: "Ku kuma masu guɗa, ku kuke zuga ta!" Na isa zaure na cafki waya, ta kulle kanta. Na ɗora yatsa, gumi ya hana ta gane ni. Na danna gefe don in rage murya, ashe ƙarawa nake yi. Sai da malam ya kai ga maganar mazan da ke zaune a waje suna shan fura ba su hana ba (wallahi haka ya ce, kamar yana leƙen mu) sannan hankalina ya dawo na fizge igiya.

Tsit. Irin shirun da ka ji kazar maƙwabta na taku.

Ban gama numfashi ba sai ga Hajiya Kulu ta fito zaure, mayafi a kafaɗa, mata na biye da ita. Ba ta ko dube ni ba. Ta tsaya a bakin ƙofa inda maza za su ji ta.

"Ku tashi mu tahi. In Malam Sani bai son mu taka a gidanai, da ya hwaɗa muna da bakinai tun muna Bukkuyum. Ba sai mun zo ya sa a zage mu a lasifika ba. Ni za a kira da jikokina?"

Kowa ya juya ya kalli Yaya. To wa za a zarga in ba shi ba? Gari duk ya san ra'ayinsa a kan kiɗa. Daga cikin gida kuma ina jiyo kukan Balkisu, irin kukan da ake toshe baki da gyale. Awa ɗaya ta roƙa. Na ba ta rabin awa da surukai masu fushi.

Ba zan ɓoye muku ba, zuciyata ta ba ni shawarwari. Ta ce ka ce sabis ne ya haɗu da na wani masallaci. Ta ce ka ce masu manhajar ne suka yi kuskure, wa zai je ya tambaye su? Ta ce ko ka yi shiru kawai, ai ba kai ake kallo ba. Na dubi yayana, mutumin da ya sauka daga ra'ayinsa saboda ɗiyarsa da ni, yana tsaye zai sha zagin da bai saya ba.

Na goge yatsa na buɗe waya na kashe wa'azin, na mayar da igiya, na jona makirfo, na hura.

"Assalamu alaikum. Jama'ar ciki da na waje, baffan amarya ne ke magana. Hajiya Kulu, don girman Allah ki tsaya ki ji. Malam Sani bai san komai ba. Wa'azin nan nawa ne."

Na faɗi komai. Yadda na raina memorin Garba, yadda na zaɓi manhaja mai duba zuciya, yadda na yi sati biyu ina haddar wa'azi don in kayar da yayana a muhawara. (Wannan ɓangaren da na so in tsallake shi, amma makirfo na hannuna kuma baki ya riga ya buɗe.) Na ce, "Hajiya, malamin nan bai san ki ba, bai taɓa zuwa Bukkuyum ba. Ni ya kamata ya kira, da furfurata da baƙin gilashina a cikin zaure."

Wadda ta fara dariya Innarmu ce. Tsohuwar tana can cikin ɗaki, ta haura tamanin, amma sai da muryarta ta fito har waje: "Na hwaɗa muku yaron ga tun yana ƙarami bakinai ya fi shi gudu!" Sai wata ta kama, wata ta kama. Baffan ango ya kwanta a tabarma yana riƙe ciki, yana cewa, "Ta duba zuciyarshi! Wallahi ta duba!"

Hajiya Kulu ba ta yi dariya ba tukuna. Ta juyo ta dube ni, ta dubi ƙafata mai takalmi ɗaya, ta dubi yagaggen hannun rigata.

"To na ji. Amma an katse min rawa a gaban 'ya'yana, sai an biya tara. Kiɗan da ka yanke, kai za ka shigo tsakiyar fili ka taka shi, mu mu zauna mu yi kallo."

Na ce, "Hajiya, ai Malam ya hana ƙafata taka tsakar gida." Na faɗa ina murna, wai na samu mafaka.

Duk aka juya ga Yaya. Ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na motsi. Da ya ɗago sai na ga hawaye a idonsa, ashe dariya yake yi har ta shaƙe shi.

"Sati biyu kana karatu don ka kayar da ni?" Ya share ido da hannun riga. "Hajiya, ku shiga da shi, shi ya jawo wa kansa. An ƙara muku lokaci har kiran la'asar."

Haka aka tasa ni gaba. Kafin in shiga na kashe data, na nemo inda ake hana abar nan zaɓe da kanta na kashe, na jawo tebur har bakin ƙofar ciki, na miƙa wa Balkisu wayar. Idonta ya yi ja, kwalli ya zubo, amma tana dariya. Na ce, "Amarya, ke ce DJ. Duk abin da ya fito yanzu, ke da babanki."

Ta saki kalangu. Ni kuma na taka. Jama'a, na taka! Gwiwar da ta hana ni tuƙi ranar ban san inda ta tafi ba. Na kawo wata rawa da na gani a Kwatano, na haɗa da ta direbobin Yamai, na ƙare da irin ta mutanenmu. Ban kai rabi ba Hajiya Kulu ta yar da mayafi ta shigo, ta ce, "Matsa can, ba haka a kai ba," ta nuna mini yadda ake yi. Ta jawo Balkisu tsakiya ta rungume ta, ta ce wa matan Bukkuyum, "Wagga ɗiya tamu ta. Gidan da babba ke ɗaukar lasifika ya ce ni na yi laifi, ba a jin tsoron ɗaukar ɗiyarsu."

Wannan maganar har yau in na tuna ta sai in ji na ƙara tsawo. Sati guda na yi ina shafa man zafi a gwiwa, amma ban yi nadama ba.

Yanzu kusan duk bikin da za a yi a dangin Hajiya Kulu ni ake kira, kuma da na sauka daga mota sai mata su fara, "Malam ya iso! Yau wa'azi za a fara ko kiɗa?" Ina amsawa da fara'a, in kafa kayana, in zauna a kujerata kamar an kafe ni da ƙusa. Ko fura aka kawo, a nan nake sha.

Abin da na koya kuwa ba shi da yawa. Wayar da ka yini kana gaya wa sirrinka, kada ka haɗa ta da lasifika ka tafi hira. In kuma har ta tona ka, to ka yi sauri ka riga ta ƙarasa labarin.